Me ya haɗa rigimar inshorar lafiya da rufe gwamnatin Amurka?

Wani ɗan'uwa mai bin labaran duniya ya aiko da tambaya kamar haka: "Malam, mun ji an rufe gwamnatin Amurka har kwana 43 a 2025, wai a kan maganar inshorar lafiya, kamar yadda aka taɓa yi a zamanin Obama. Ƙasar da ta fi kowace arziki, yaya za a ce ta kasa biyan ma'aikatanta? Me ya haɗa asibiti da kasafin kuɗi? Tsakanin jam'iyyun nan biyu wa ke da gaskiya, kuma abin yana shafar masu neman biza daga nan?"

Malam, kuɗi ba su ƙare ba. A ranar da aka ce an rufe gwamnati, ana ci gaba da karɓar haraji kamar yadda aka karɓa jiya. Izinin kashe kuɗin ne ya ƙare. Tsarin mulkin Amurka ya hana fitar da ko sisi daga baitulmali sai majalisa ta yi doka a kai. Shekarar kuɗinsu tana farawa ne ranar 1 ga Oktoba, kuma kafin ranar ya kamata majalisun biyu, ta wakilai da ta dattawa, su amince da dokokin kasafi guda 12, shugaban ƙasa ya sa hannu. Rabon da su kammala duka a kan lokaci tun 1996. Abin da suka saba yi shi ne kasafin wucin gadi: a ci gaba da kashewa daidai da na bara har na wasu makonni, kafin a gama ciniki. Idan wa'adin ya cika ba a samu ko na wucin gadin ba, sai ma'aikatu su fara sallamar mutane gida.

Da can ma ba haka ake yi ba. Kafin 1980, idan kasafi ya makara, ma'aikatu sukan ci gaba da aiki suna jiran majalisa ta cika alƙawari. Benjamin Civiletti, antoni janar na shugaba Jimmy Carter, shi ya fassara wata tsohuwar doka ta ƙarni na 19, a 1980 da 1981, ya ce ma'aikatar da ba ta da kasafi dole ta tsaya, in ban da ayyukan da suka shafi kare rai ko dukiya. Daga wannan fassara aka samu makamin da ake ta harbin juna da shi har yau. Mu a Najeriya ba mu san wannan ba domin sashe na 82 na tsarin mulkin 1999 ya ba shugaban ƙasa damar ci gaba da kashe kuɗi har tsawon wata shida idan kasafi bai fito ba. Shi ya sa kasafin 2018 ya kai har watan Yuni kafin shugaba Buhari ya sa masa hannu, amma ba a kulle sakatariya ba.

Kalmar rufewa kuma tana yaudarar mai sauraro. Sojoji suna nan a bakin aiki, masu kula da zirga-zirgar jiragen sama suna nan, masu binciken fasinja a filin jirgi da masu gadin gidan yari duk suna nan, sai dai yawancinsu ba albashi har a buɗe. Sauran, waɗanda aka ce aikinsu ba na gaggawa ba ne, a ba su hutun dole. Wuraren shaƙatawa na ƙasa da gidajen tarihi su rufe ko su zauna ba mai kula, takardun neman rance da na izini su taru a kan tebur. Sai dai ka riƙe wannan, domin a nan ne duk wautar lamarin take: manyan shirye-shiryen lafiya, wato Medicare na tsofaffi da Medicaid na masu ƙaramin ƙarfi, da fanshon tsofaffi, ba sa cikin kasafin shekara-shekara. Dokokin da suka kafa su sun ba su kuɗi na dindindin. Saboda haka ana rufe gwamnati a kan inshorar lafiya, alhali rufewar ba ta taɓa inshorar kai tsaye. Wasu ayyuka ake tsayarwa don a matsa wa abokin hamayya ya sallama a kan wani abu daban.

Akwai kuma ƙa'idar majalisar dattawa. Kujeru 100 ne, amma yawancin dokoki, har da na kasafi, ba sa wucewa sai sanatoci 60 sun yarda a rufe muhawara. Wannan ake kira filibasta. Ma'ana, jam'iyyar da ke da sanatoci 41 kacal tana iya tare hanya. Ba kasafai jam'iyya ɗaya ke samun 60 ba, don haka ranar 30 ga Satumba ta zama ranar da marar rinjaye ke da abin sayarwa.

Yanzu maganar lafiya. Amurka ita kaɗai ce cikin manyan ƙasashe masu arziki da ba ta da tsarin da ya ɗauki kowa. Ta fi kowace ƙasa kashewa, dala tiriliyan 4.9 a 2023, kusan kashi 18 cikin 100 na arzikin da take samarwa, amma har yanzu akwai miliyoyin mutane da ba su da inshora. Asalin abin tun yaƙin duniya na biyu ne. Gwamnati ta hana kamfanoni ƙara albashi don kada farashi ya hau, sai kamfanonin suka koma jawo ma'aikata da alƙawarin biyan kuɗin asibiti. Dokar haraji ta 1954 ta tabbatar da cewa ba a cire haraji a kan wannan alfarma. Daga nan inshora ta manne da wurin aiki, har yau kusan rabin Amurkawa ta wurin aikinsu suke samunta. Wanda aka kora daga aiki yakan rasa albashi da katin asibiti a lokaci guda.

Shugaba Harry Truman ya nemi a yi inshorar ƙasa baki ɗaya a 1945, ƙungiyar likitocin Amurka ta tashi haiƙan ta ce gurguzu ake son shigowa da shi ta ƙofar asibiti, maganar ta mutu. Sai a 1965 shugaba Lyndon Johnson, ɗan jam'iyyar Dimokurat, ya samu Medicare da Medicaid, ya je har garin Truman a jihar Missouri ya sa hannu, ya miƙa wa tsohon katin farko. Ka lura, a wannan karon 'yan Rifablikan 70 a majalisar wakilai sun jefa ƙuri'ar amincewa. Shugaba Bill Clinton da matarsa Hillary sun gwada nasu a 1993, bai ko kai ga ƙuri'a ba, kuma a 1994 jam'iyyarsu ta Dimokurat ta rasa majalisun biyu.

Rufewar 1995 ma tana da ƙamshin asibiti, ko da yake an fi tuna ta da rigimar cike giɓin kasafi. Kakakin majalisar wakilai Newt Gingrich, ɗan Rifablikan, yana son rage dala biliyan 270 daga abin da aka yi hasashen Medicare zai ci cikin shekara bakwai, kuma kasafin wucin gadin da aka aika wa Clinton a watan Nuwamba yana ɗauke da ƙarin kuɗin da tsofaffi ke biya kowane wata. Clinton ya ƙi sa hannu. Aka rufe na kwana biyar, aka sake rufewa na kwana 21 daga tsakiyar Disamba zuwa 6 ga Janairun 1996. Jama'a suka ɗora laifin a kan Gingrich, Clinton ya sake cin zaɓe.

Dokar da ta zama tushen rigimar yau ita ce wadda Barack Obama ya sa wa hannu ranar 23 ga Maris 2010, wadda abokan hamayya suka laƙaba wa Obamacare don ba'a, shi kuma daga baya ya rungumi sunan. Don ka gane ta, ɗauki inshora a matsayin gidauniyar da dangi ke yi: kowa ya zuba wani abu kowane wata, wanda ya kwanta a ɗauki nauyinsa. Gidauniya ba ta tsayuwa sai masu lafiya sun fi marasa lafiya yawa. Kamfanonin inshora sun san haka, don haka kafin 2010 mai ciwon suga ko wadda ta taɓa yin ciwon daji, in suka zo saye da kansu, ko a kore su ko a tsawwala musu farashi. Dokar ta haramta wannan. To amma idan an tilasta wa kamfani karɓar kowa, me zai hana mutum ya zauna sai ya kamu da ciwo sannan ya zo ya yi rajista? Sai dokar ta ce kowa dole ya mallaki inshora ko ya biya tara. Idan kuma an tilasta wa mutum saye, wanda ba shi da hali fa? Sai aka sa tallafin gwamnati ga masu matsakaicin samu, aka faɗaɗa Medicaid ya ɗauki duk wanda samunsa bai wuce kashi 138 cikin 100 na ma'aunin talauci ba. Aka kuma bar 'ya'ya a kan inshorar iyayensu har shekara 26. Kuɗin yin wannan ya fito ne daga ƙarin haraji a kan masu manyan samu da kamfanonin harkar lafiya, da rage abin da Medicare ke biyan asibitoci da kamfanoni.

Abin mamaki, tsarin ba daga masu ra'ayin sauyi ya faro ba. Cibiyar Heritage ta masu ra'ayin riƙau ta kawo shawarar tilasta sayen inshora tun 1989, kuma Mitt Romney, ɗan Rifablikan, ya aiwatar da irinsa a jihar Massachusetts a 2006 yana gwamna. Shekara shida bayan haka Romney ya tsaya takarar shugaban ƙasa yana alƙawarin soke dokar Obama. A ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa ba duk faɗan ne a kan abin da ke rubuce cikin dokar ba.

Yadda dokar ta wuce shi ya bar miki. A majalisar dattawa, ranar 24 ga Disamba 2009, ƙuri'a 60 da 39, ba ɗan Rifablikan ko ɗaya. A majalisar wakilai 219 da 212, nan ma ba ko ɗaya. Tsakanin ƙuri'un biyu 'yan Dimokurat sun rasa kujerar marigayi Ted Kennedy ga Scott Brown na Rifablikan, suka sauko 59, sai suka bi ta wata hanyar kasafi da ba ta buƙatar 60 don yin gyaran ƙarshe. 'Yan Rifablikan suka ce an cusa wa ƙasa doka ta ƙarfi. 'Yan Dimokurat suka ce sun shafe watanni suna lallashi ba wanda ya yarda ya matso. Duka maganganun biyu akwai gaskiya a ciki. Sakamakon dai shi ne dokar ta zama ta jam'iyya ɗaya, saɓanin Medicare da ɓangarorin biyu ke da hannu a ciki. A zaɓen rabin wa'adi na 2010 Rifablikan ta ƙwace kujeru 63 a majalisar wakilai, yawancin sababbin kuma da alƙawari ɗaya suka zo: a soke Obamacare. Sun jefa ƙuri'ar sokewa ko ragewa fiye da sau 50, duk a banza, tunda majalisar dattawa da fadar White House ba a hannunsu suke ba. Kotun ƙoli ma a Yunin 2012 ta tabbatar da dokar da alƙalai biyar cikin tara, sai dai ta ce faɗaɗa Medicaid zaɓi ne ga jihohi. Shi ya sa har yau jihohi goma, ciki har da Texas da Florida, ba su faɗaɗa ba.

Da majalisa ta gagara, kotu ta gagara, Obama kuma ya sake cin zaɓe, sai aka koma ga kasafi. A Satumban 2013 sanata Ted Cruz na Texas, ɗan Rifablikan, ya tsaya yana magana awa 21 a zauren majalisa, yana zuga 'yan majalisar wakilai kada su amince da kowane kasafi sai an cire kuɗin Obamacare. Kakakin majalisa John Boehner bai so ba, amma 'yan jam'iyyarsa suka fi ƙarfinsa. Ranar 1 ga Oktoba aka rufe, ma'aikata kimanin 800,000 suka tafi gida. A wannan ranar ce kuma aka buɗe shafin intanet na sayen inshorar, domin kuɗinsa ba ya cikin kasafin da aka tare. Shafin ya yi ta sarƙewa, mutane suka kasa rajista, abin kunya babba ga Obama. Da 'yan Rifablikan sun yi shiru da labarin ya ishe su kamfe, amma rufewar da suka jawo ta danne shi na makonni biyu. A lokaci guda asibitin bincike na gwamnati da ke Maryland ya daina karɓar yawancin sababbin marasa lafiya, hukumar yaƙi da cututtuka ta sallami mafi yawan ma'aikatanta a farkon lokacin mura. Bayan kwana 16 aka buɗe, Obamacare na nan daram, abin da suka samu bai wuce ɗan ƙarin tantance samun masu neman tallafi ba.

Damarsu ta gaskiya ta zo a 2017, lokacin da Donald Trump ke fadar White House kuma majalisun biyu na hannunsu. A nan aka gane cewa sokewa ta fi sauƙi a bakin mai kamfe. Mutane miliyoyi sun riga sun samu kati, gwamnonin Rifablikan da suka faɗaɗa Medicaid ba sa son a janye kuɗin. Da tsakar daren 28 ga Yuli, sanata John McCain, wanda bai daɗe da jin yana da ciwon daji a ƙwaƙwalwa ba, ya shigo zaure ya juya babban yatsansa ƙasa. Shi da Susan Collins da Lisa Murkowski, dukansu 'yan Rifablikan, suka bi 'yan Dimokurat aka kayar da ƙudirin sokewar, 51 da 49. Abin da jam'iyyar ta iya yi shi ne mayar da tarar rashin inshora zuwa sifili a dokar harajin Disamba. Masana da yawa sun zaci wannan zai rusa tsarin, sai ga shi bai rushe ba, domin tallafin ne ke jawo mutane fiye da tsoron tara. A 2018 'yan Dimokurat suka ci majalisar wakilai da kamfen kare masu tsohon ciwo.

Rufewar kwana 35 ta Disamban 2018 zuwa Janairun 2019 ba ta shafi lafiya ba, a kan dala biliyan 5.7 na katangar iyakar Meziko ce. Na kawo ta ne don yadda ta ƙare: masu kula da jiragen sama suka fara ƙin zuwa aiki, tashin jirage ya cakuɗe a New York, a ranar Trump ya sauko ba tare da kuɗin katangar ba.

Sai ta 2025, inda jam'iyyun biyu suka yi musanyar matsayi. A 2021, lokacin korona, gwamnatin Joe Biden ta ƙara yawan tallafin Obamacare, ta kuma cire iyakar samun da a da in mutum ya haura ba ya samun komai. Dokar 2022 ta tsawaita ƙarin zuwa ƙarshen 2025. Masu rajista suka ninka, daga kimanin miliyan 12 zuwa miliyan 24. Yawan marasa inshora a ƙasar, wanda ya kai kashi 16 cikin 100 a 2010, ya sauko wajen kashi 8. Trump ya dawo, ranar 4 ga Yulin 2025 ya sa hannu a babbar dokar haraji da ta rage ɗaruruwan biliyoyin dala daga Medicaid cikin shekara goma, ta kuma sa sharaɗin aikin awa 80 a wata ga manya masu ƙarfi a jika. Ofishin kasafin kuɗi na majalisa, wanda ba na kowace jam'iyya ba ne, ya ƙiyasta cewa dokar za ta ƙara marasa inshora da kimanin miliyan 10 nan da 2034, ƙarewar ƙarin tallafin kuma ta ƙara wasu kimanin miliyan 4. Rifablikan na da sanatoci 53, tana buƙatar bakwai daga ɗaya ɓangaren. Chuck Schumer, jagoran sanatocin Dimokurat, da mutanensa suka ce ba ƙuri'a sai an tsawaita tallafin. Kakakin majalisar wakilai Mike Johnson da jagoran sanatocin Rifablikan John Thune suka ce ba sa ciniki da wanda ya yi garkuwa da gwamnati, a buɗe tukuna sannan a zauna. Wannan ita ce maganar da Obama da Harry Reid, jagoran sanatocin Dimokurat na lokacin, suka yi a 2013, kusan kalma da kalma, 'yan Dimokurat kuma suka ɗauki matsayin Cruz. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Aka yi ta kai ruwa rana. Ma'aikata fiye da miliyan ɗaya ba albashi, wasu a gida wasu a bakin aiki. Farkon Nuwamba tallafin abinci da mutum kimanin miliyan 42 suka dogara da shi ya tsaya cik, har sai da maganar ta je kotu. Hukumar sufurin sama ta umarci a rage tashin jirage a manyan filaye 40. Trump ya nemi sanatocinsa su soke ƙa'idar ƙuri'a 60, Thune ya ƙi, domin ya san wata rana su ne za su zama marasa rinjaye. A ƙarshe sanatoci takwas daga ɓangaren Dimokurat suka ɓalle, aka samu 60 da 40, Trump ya sa hannu ranar 12 ga Nuwamba. Abin da suka samu a kan lafiya alƙawarin jefa ƙuri'a ne kawai a Disamba. An jefa, ba ta kai 60 ba, ƙarin tallafin ya ƙare da ƙarewar shekara.

Ka duba jerin nan da kyau. Gingrich bai samu abin da ya nema ba, Cruz bai samu ba, Trump bai samu ba, Schumer bai samu ba. Dalilin a fili yake. Wanda ke da isassun ƙuri'un sauya doka ba ya buƙatar rufe gwamnati. Wanda ya rufe kuwa yana neman abokin hamayyarsa ya ba shi kyauta abin da ya kasa ci a akwatin zaɓe, shi kuma abokin hamayyar ya san in ya bayar sau ɗaya, kowace Satumba sai an dawo masa da sabuwar buƙata. Saboda haka ya gwammace ya jure har filayen jirgi su cakuɗe.

To me ya sa ba sa dainawa? Saboda ba a kan dokar kaɗai ake lissafi ba. Yawancin kujerun majalisar wakilai an shata su yadda jam'iyya ɗaya ce ke ci, don haka abin da ɗan majalisa ke tsoro shi ne zaɓen fid da gwani, inda masu tsattsauran ra'ayi suka fi fitowa. Gare su sasantawa cin amana ce. Schumer ya ɗanɗana wannan a Maris 2025, da ya ba da ƙuri'arsa aka kauce wa rufewa, 'yan jam'iyyarsa suka yi masa ca har da masu cewa ya sauka. Zuwa Satumba ba shi da sauran wurin ja da baya. Sannan hukuncin masu zaɓe ba ya daɗewa. A Oktoban 2013 ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna kashi 28 cikin 100 ne kawai ke kallon Rifablikan da kyau, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani a lokacin, amma shekara guda bayan haka jam'iyyar ta ƙwace majalisar dattawa. Cruz kuma ya fito da suna da magoya bayan da suka kai shi na biyu a neman tikitin 2016. 'Yan Dimokurat ma suna iya cewa sun ci riba a 2025: sun sa duk ƙasar tana maganar tsadar inshora, sun kuma ci gwamnonin Virginia da New Jersey ana tsakiyar rufewar. 'Yan majalisa albashinsu ba ya tsayawa. Ma'aikatan gwamnati, dokar 2019 ta ce a biya su bashin albashinsu bayan an buɗe. Amma masu shara da masu dafa abinci da masu gadi da ke aiki ƙarƙashin 'yan kwangila, ba dokar da ta tilasta a biya su ko kwabo. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kan wa ke da gaskiya, ba zan ɓoye maka ra'ayina ba. 'Yan Rifablikan suna da hujja mai ƙarfi guda: tallafin ba ya rage tsadar magani da asibiti, yana dai sauya wanda ke biya ne, daga mai inshora zuwa mai biyan haraji, kuɗin kuma aljihun kamfanoni suke shiga. Mayar da ƙarin na dindindin zai ci kimanin dala biliyan 350 cikin shekara goma, a ƙasar da bashi ya yi wa katutu. Gaskiya ne kuma 'yan Dimokurat da kansu suka sa masa wa'adi, don kuɗin dokarsu ya yi ƙanƙanta a takarda, suna sa ran in lokaci ya yi ba wanda zai iya janyewa. Wannan dabara ce da jam'iyyun biyu ke yi, su Rifablikan sun yi ta da rangwamen harajin 2017. Amma a ɗaya ɓangaren, tun 2010 ana cewa za a soke a kawo wanda ya fi, har yau ba a ga tsarin da jam'iyyar ta haɗu a kansa ba. Wanda zai karɓe abin da ke hannun mutum, ya kamata a ce yana riƙe da madadinsa. Kuma waɗanda abin zai fi ƙona ba duka 'yan adawa ba ne: a 2025 Florida na da masu rajista fiye da miliyan 4, Texas kusan miliyan 4, manoma da masu ƙananan sana'o'i da waɗanda suka bar aiki kafin su kai shekara 65 ta shiga Medicare. Har Marjorie Taylor Greene, 'yar majalisar wakilai wadda take cikin masu tsananin goyon bayan Trump a lokacin, ta fito ta koka cewa kuɗin inshorar 'ya'yanta zai ninka. Don haka a kan asalin maganar na fi karkata ga masu son a ci gaba da ɗaukar nauyin mutane har a samu abin da ya fi. A kan hanyar kuwa, rufe gwamnati, ban ga bambanci tsakanin Cruz da Schumer ba. Wanda ya la'anci na farko ya yaba na biyu, jam'iyya yake bi.

Akwai wata magana da aka yi ta yaɗawa a lokacin, cewa 'yan Dimokurat sun rufe gwamnati ne don a ba baƙin haure magani kyauta. Wannan ta shafi 'yan'uwanmu da ke zaune can, don haka a daidaita ta. Wanda ba shi da takardun zama ba ya samun tallafin Obamacare, ba ya samun cikakken Medicaid na tarayya, tun asali haka dokar take. Abin da yake samu shi ne kulawar gaggawa, saboda wata doka ta 1986 da Ronald Reagan ya sa wa hannu ta hana asibiti korar wanda ya zo rai a hannun Allah. Waɗanda dokar Yulin 2025 ta taɓa su ne wasu rukunin baƙi da ke zaune bisa ƙa'ida, kamar 'yan gudun hijira da waɗanda aka ba mafaka, kuma cikin buƙatun 'yan Dimokurat har da mayar musu da abin da aka cire.

Batun biza kuwa, aikin ofisoshin jakadanci na bayar da biza da fasfo yawanci kuɗin da masu nema ke biya ne ke tafiyar da shi, ba kasafin shekara ba. Shi ya sa a rufewar 2025 aka ci gaba da ganawa da masu nema a Abuja da Legas, shafukan sada zumunta na ofishin ne aka daina sabuntawa in ban da sanarwar gaggawa. Wanda yake da ranar ganawa a irin wannan lokaci ya je, sai idan an aiko masa da saƙon ɗagewa. Wanda kuma zai sauka a Amurka ya hau wani jirgin na cikin gida, ya bar tazara mai yawa tsakanin jiragen biyu, musamman idan rufewar ta haura wata guda.